Kurakuran da aka fi yi wajen tsara jirgin ƙasa da bas a birni mai bunƙasa

Kuskure mafi tsada shi ne a ja layi a taswira tun ba a ƙirga fasinja ba. Jirgin ƙasa na cikin Abuja da aka buɗe a 2018 yana da tsawon kimanin kilomita 45 da tashoshi 12, daga tsakiyar birni zuwa Idu, inda reshe ɗaya ya nufi filin jirgin sama, ɗaya kuma ya nufi Kubwa. Amma duk wanda ya san Abuja ya san inda ma'aikata ke shan baƙar wuya da safe, wato hanyar Mararaba da Nyanya zuwa mahaɗar AYA, kuma jirgin bai bi ta can ba. Wasu tashoshin ma nesa da gidaje aka dasa su, ba titin kirki da zai kai mutum. An tsayar da jirgin a 2020, bai dawo aiki ba sai 2024.

Maganin wannan ƙidaya ce, kuma kuɗinta ba yawa. A ajiye mutane a manyan hanyoyin shiga gari daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe, da 4 zuwa 7 na yamma, su riƙa rubuta yawan motoci da adaidaita sahu da mutanen da ke ciki duk bayan minti 15. A haɗa da Juma'a, a guji lokacin hutun makaranta da watan azumi, don zirga-zirga kan sauya. Lamba guda ake nema: mutum nawa ke wucewa cikin awa ɗaya, a hannu ɗaya, a wurin da ya fi cunkoso. Ita za ta zaɓi abin hawa. In mutum 3,000 ne, bas mai cin mutum 75 sawu 40 ya kwashe su, wato mota ɗaya kowane minti ɗaya da rabi. Wannan aikin bas ne, shimfiɗa masa dogo almubazzaranci ne.

Yawan motocin ma da lissafi ake fitar da shi, ba a ce "a sayo ɗari" don ranar ƙaddamarwa ta yi kyau ba. Idan zuwa da dawowa minti 80 ne har da hutun direba a ƙarshen layi, kuma ana son mota kowane minti 5, to 16 za su kasance a kan titi, a ƙara biyu ko uku na jiran ko-ta-kwana.

Wani kuskuren kuma shi ne a saki sababbin motocin cikin cunkoson da kowa ke ciki. Bas ɗin da ya maƙale a bayan tirela bai fi adaidaita sauri ba, adaidaita kuwa har ƙofar gida yake kai mutum. Fenti a kan kwalta ba ya hana kowa shiga. Sai an sa shingen kankare, kamar yadda Legas ta yi a mafi yawan layin bas ɗinta na Mile 12 zuwa tashar CMS a 2008. Faɗin mita 3.5 ya ishi hannu ɗaya. Tsakiyar titi ya fi gefe, domin gefe na masu fakin ne da masu tebur da masu sauke fasinja. Sai dai a lura da mahaɗa, nan lokaci yake salwanta. A ba bas fifiko a danja, a hana ƙananan motoci yanko hanyarsa in za su juya hagu. Daidai inda bas ke tsayawa a zuba kankare, don kwalta kan lotsa da yawan birki da zafin rana.

Tasha kowane mita 400 zuwa 600 ta wadatar. A biya da kati kafin a shiga. Neman canji a bakin ƙofa ɓata lokacin mota guda ne.

Abin da aka fi mantawa shi ne gobe. Ana ware kuɗin gini, ba a ware na gudanarwa. Addis Ababa ta buɗe jirginta a 2015 da jirage 41, bayan wasu shekaru fiye da rabinsu suna ajiye saboda rashin kayan gyara. Tun a takardar kwangila ya kamata a rubuta kayan gyara na shekaru, da horar da makanikai na gida, da inda wutar lantarki za ta fito ranar da babban layi ya faɗi. Kuɗin tikiti da wuya ya riƙe jirgi, don haka tallafin ya fito ɓaro-ɓaro a kasafin kowace shekara. Gareji kuma kada a kai shi fadama don filin ya yi araha: na motocin Dar es Salaam ta Tanzaniya a unguwar Jangwani aka gina shi, cikin kwarin kogin Msimbazi, ambaliya ta sha shigarsa.

Haka nan kuskure ne a ɗauki masu sana'ar da aka tarar a kan titi a matsayin abokan gaba. Da Kano ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, adaidaita ne ya cike gurbin, domin buƙatar tana nan. A ba su aikin kawo fasinja daga lunguna zuwa tasha, a keɓe musu fili a jikinta, in ba haka ba su toshe ƙofar. Legas ta damƙa motocinta na farko ga ƙungiyar direbobi ta NURTW. Yadda ake biya ma yana sauya halin tuƙi: direban da ke neman cika balas zai yi tsere, ya kuma ƙi tashi sai mota ta cika. Bogota, babban birnin Kolombiya, wadda ta fara nata tsarin bas ɗin a 2000, bisa kilomitar da mota ta yi take biyan kamfanoni, sai mota ta tashi a kan lokaci ko da kujeru ba kowa.

Birnin da ke faɗaɗa kuma ya shata hanyar da jirgi zai bi nan gaba tun tana gona, ya sa ta a taswirar filaye, ya hana ba da takardar gini a kanta. In aka bari sai gidaje sun tashi, kuɗin diyya kaɗai na iya kashe aikin.