Kafin ka buga katakon ado a bango, yi wa bakinsa fenti

Jama'a, ga wata dabara ga mai son rufe bangon falo da katakon nan da ake jerawa a kwance, bakin wannan ya hau kan na wancan.

Ka shafa wa bakunan fenti tun katakon yana ƙasa, kafin ƙusa ta taɓa shi.

Dalili? Katako yana shan laima da damina ya kumbura, hunturu na zuwa ya tsuke. Da ya tsuke sai mahaɗar ta buɗe, inda fenti bai taɓa ba ya leƙo layi-layi. Buroshi kuwa ba ya shiga wannan lungun. Ni sai da na wuni da ɗan tsinke ina cusa fenti, kuma bai yi kyau ba.

Ka bar katakon ya kwana uku ko huɗu a ɗakin tukuna, ya saba da iskar wurin.

Wajen jerawa, sa abu mai kauri ɗaya a tsakanin katakan, don tazararsu ta zo daidai. A Amurka kwandalar senti 5 suke sawa, kaurinta kusan milimita 2. Guntun kwali mai tauri ma ya isa.

Bangonmu na bulo ne, don haka kafinta ya fara kafa siraran katakai a tsaye, a kansu za a buga. A shafa musu maganin gara.

Inda dabarar ba ta aiki: ɗanyen katako, ko bango mai tsattsafo da ruwa. Nan fentin ɓarewa zai yi, katakon ya lanƙwashe. Gyara bangon tukuna.