Darasi na Bakwai: Ƙara a Ƙafar Gaba ta Mota

Idan ƙafar gaba ta fara ƙara kamar ana gurza ƙarfe da ƙarfe, kada ka yi saurin kwance komai. Fara da kunne. Nemi hanya mai kyau wadda ba cunkoso, kashe rediyo, sauke gilashi, ka tuƙa a hankali. Abin da kake so ka gane shi ne lokacin da ƙarar take zuwa.

Taka birki. In ƙarar ta zo ne daidai lokacin da ka taka, ta ɗauke da ka saki, to takalmin birki ne ya cinye, wato abin da ke matse faifan birki don tsayar da taya. Sabon takalmi kaurinsa yakan kai milimita 10 ko fiye. In ya rage saura milimita 3, wato ya ɗan ɗara tsinken ashana, lokacin canji ya yi. Wasu takalman suna da ɗan harshen ƙarfe da ke yin ƙiii don ya gargaɗe ka. In ka share wannan gargaɗi, sai ƙarfen bayan takalmin ya fara cin faifan birki, ya bar masa zane kamar kunyar gona. A nan kuɗin gyara ya ninka, birkin kuma ba ya kamawa yadda ya kamata. Ina roƙon ka, kada ka ɗauki iyali ko fasinja a mota mai irin wannan ƙara. Kuma takalmi ana canza shi ne ƙafa biyu tare, dama da hagu, don kada mota ta riƙa ja gefe ɗaya.

Amma in da safe ne bayan ruwan dare, ƙarar ta tafi bayan ka taka birki sau uku ko huɗu, tsatsa ce kawai a kan faifai.

Akwai wata ƙara mai gurnani, guuu, wadda ke ƙaruwa da gudu ko ba ka taɓa birki ba. Wannan yawanci boris ne, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da taya ke juyawa a kansa. Ramukan hanya da ruwan damina su ne manyan maƙiyansa, domin ruwa da yashi in sun shiga sai su lalata giris. Ga gwajinsa: kana tafiya, ɗan karkata sitiyari hagu. Nauyin mota zai koma dama. In gurnanin ya ƙaru, a mafi yawan lokuta boris na dama ne, haka kuma akasinsa.

Ƙas-ƙas-ƙas idan ka murɗe sitiyari gaba ɗaya a kwana, wannan kan shaf ne, wato gaɓar da ke ƙarshen sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa taya. Duba robarsa, za ka iya samun ta yage, giris ya fantsama.

Yanzu sai hannu. Tsaya a ƙasa mai tauri wadda ba gangara, ja birkin hannu, sa dutse ko katako a tayar baya, sannan ka ɗaga da jak. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In tana wasa, fara tabbatar da notin taya a ɗaure suke, daga nan ka zargi boris. Juya ta da hannu kana saurare. Wani lokaci tsakuwa ce ta hanyar burji ta maƙale tsakanin faifai da siririn ƙarfen da ke bayansa, cirewa kawai za a yi.

Aikin gida: ɗauki littafinka ka rubuta ranar da ƙarar ta fara, ɓangaren da take, da lokacin da take zuwa. Idan ka je gareji, karanta wa bakanike, misali: "Maigida, ƙafar dama ce, tana gurnani in na yi gudu, ko ban taka birki ba." In an canza wani abu, ka ce a nuna maka tsohon da aka cire.