Zuwa kallon raƙuman dawa a Kure: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara su

Daga Yamai zuwa Kure kimanin kilomita 60 ne a kan hanyar Doso, tafiyar awa guda a mota. Kusancin nan ne ke sa mutane su raina tafiyar, su ɗauke ta kamar fita shan iska a bakin kogin Kwara. Alhali irin raƙuman dawan da ke can babu inda suka rage a daji sai ƙasar Nijar. A 1996 ba su wuce 50 ba, yau sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi. Dabbar da ta tsallake rijiya da baya haka ta cancanci a je mata da shiri.

Kuskuren farko shi ne lokacin tashi. Sai a tsaya karin kumallo da jiran abokai, a isa rana ta take. A lokacin dabbobin sun daina kiwo, sun shige inuwa suna tuƙa, kai kuma zafi ya gallabe ka, yara sun fara kuka. A bar gari da sassafe, a isa kafin hantsi ya dubi ludayi, da isasshen ruwan sha, da hula, da takalmi rufaffe saboda ƙaya.

Wanda ya fi wannan yawa shi ne zaton raƙuman suna tsaye wuri ɗaya shekara duka. Kure ba gidan ajiye namun daji ba ne irin na gidan tarihin Bubu Hama da ke Yamai. Babu shinge, babu keji. Da damina suna kan tudu, cikin dajin geza da sabara da taramniya. Idan rani ya shiga, ganyen tudu ya bushe, sai su gangara kwarin Dallol Boso, wajen su Harikanasu, domin gawo shi ne itacen da ke fitar da ganye lokacin da sauran suka kaɗe. Wanda bai san wannan ba zai yini yana ƙona mai a banza. Maganin abin ɗan jagora ne, kuma nan ma ake tafka wani kuskuren: wasu na kauce wa masu jagora don kada su biya ƴan kuɗi kaɗan. Waɗannan mutane ƴan yankin ne, sun san inda garke ya kwana, sun san uwar da ta haihu kwanan nan. Kuɗin da kake ba su na cikin dalilan da ke sa mutanen ƙauye su ga dabbar tana da amfani da ranta.

Sai batun matsowa. Raƙumin dawan Kure ya saba da mutane, shi ya sa ake ganin kamar za a iya taɓa shi. Kada a bi shi da mota, kada a danna oda, kada a ruga gabansa don ɗaukar hoto da salula. Harbinsa da ƙafa na iya kashe zaki, balle mutum. Uwa kan ɗauki ciki kusan wata 15, ba ta wasa da ɗanta. In ka ga ta daina ci ta ƙura maka ido, ka yi kusa da yawa, ja da baya. A kashe injin, a sauka a hankali inda ɗan jagora ya ce, a rage murya. Direbobi kuma su sassauta gudu a kan kwalta, don dabbobin na tsallaka hanyar, kuma mota ta sha kashe su.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda baƙi ke manta cewa gonakin mutane suke takawa. Zabarmawan yankin su ne ke haƙuri da raƙumin da ke cinye musu wake da mangwaro. Bai dace a ce bayan wannan asara mota ta bi ta kan shukarsu ba, ko a ɗauki hoton matansu a bakin rijiya ba sallama ba izini. A gaida mutane, a bi sawun hanyar da ake bi, a kwaso leda da robar ruwa a dawo da su gida. Lodin itacen girki a hanyar dawowa ma a bar shi: saran da ake yi don murhun Yamai na cikin abubuwan da ke cinye dajin da raƙuman ke kiwo.

Tsaro kuwa ba abin ganganci ba ne. Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga sun kashe mutum takwas a yankin, Faransawa shida da ƴan Nijar biyu. Kafin a sa ranar tafiya a tambayi jami'an gandun daji da jandarma ko an yarda a shiga, da kuma iyakar inda aka yarda a kai. In sun ce a dakata, a dakata. In sun ba da izini, a sanar da gida inda aka nufa, a riƙe katin shaida, a kamo hanyar Yamai tun la'asar ba ta yi sanyi ba.