Masu shirin shiga kogon Postojna, ku tafi da rigar sanyi

Jama'a, duk wanda tafiya ta kai shi Sulobeniya kuma yana son ganin kogon Postojna, kada zafin waje ya ruɗe shi. Ko a watan Yuli ne, cikin kogon bai wuce digiri 10 ba, ga danshi, ruwa na ɗiga daga sama. Da ƙaramin jirgin ƙasa mara rufi ake shiga, yana gudu iska na dukan fuska, kafin a sauka a ci gaba da ƙafa. Yawon kan ɗauki kusan awa ɗaya da rabi, don haka ku sa rigar sanyi da takalmi rufaffe. Silifas ba zai yi ba, musamman ga yara.

A can ne ake ganin wata halitta fara sol mara gani, mai kama da ƙadangare, wadda ke rayuwa cikin ruwan kogon.

Lokacin bazara mutane na cika wurin, gara ku sayi tikiti ta intanet tun da wuri. In da hali ku haɗa da na fadar Predjama, wadda aka gina a bakin wani kogo, kimanin kilomita 9 daga nan. Daga Ljubljana, babban birnin ƙasar, kuwa tafiya zuwa kogon Postojna ba ta kai awa ɗaya a mota ba.