Yadda ake gwada ƙwayar man nukiliya a kwamfuta kafin a harba mata leza

A cibiyar bincike ta NIF (National Ignition Facility) da ke Livermore a jihar Kalifoniya ta Amurka, hasken leza 192 ne ke taruwa domin matse ƙwaya guda mai faɗin kusan milimita 2, har ƙwayoyin zarra na man da ke cikinta su haɗe su saki makamashi. Kowane harbi da tsadarsa, don haka sai an harba ƙwayar sau da yawa a kwamfuta kafin a taɓa ta gaske.

Da farko ka zana ƙwayar yadda take: ɓawon lu'ulu'u a waje, a ciki kuma siririyar ƙanƙarar deuterium da tritium (nau'o'in haidurojin biyu, su ne man) mai sanyin kusan digiri 255 ƙasa da sifili. Ka sanya ta cikin ɗan gwangwanin zinariya da ake kira hohlraum. Lezar bangon gwangwanin take dumamawa, shi kuma ya fitar da hasken eksire da ke cinye ɓawon, ragowar ta rufta ciki da gudun da ya haura kilomita 350 a daƙiƙa.

Sannan ka fara da lissafi mafi sauƙi, ka ɗauki ƙwayar a matsayin dunƙule marar aibi. Yana da sauri, yana taimakawa wajen daidaita lokutan bugun lezar. Amma kada ka yarda da sakamakonsa. Irin wannan kyakkyawan zato ne ya sa aka yi tsammanin kunnuwar wuta, wato man ya saki makamashin da ya fi wanda lezar ta zuba, kafin ƙarshen 2012, ba ta samu ba.

Aikin gaske yana mataki na uku: ka shigar da aibobi. Manhaja irin HYDRA tana lissafi ta fuska biyu da uku, sai ka ƙara mata kaushin ɓawon, da ɗan bututun cika mai, da siririyar ledar da ke riƙe ƙwayar, da rashin daidaiton hasken. Ƙurji ɗan mitsitsi yakan girma kamar yadda ruwa ke kutsawa ƙasa idan an zuba shi kan mai, abin da masana ke kira rashin natsuwar Rayleigh-Taylor. Ɓawon sai ya gauraya da man, tsakiyar ta huce.

Daga ƙarshe ka kwatanta da harbin gaske: yawan neutron (ƙananan ɓurɓushin da haɗuwar ƙwayoyin zarra ke fitarwa) da suka fito, zafin tsakiya, da siffarta a hoto. Inda suka saɓa, lissafin za ka gyara. Da haka aka kai ga harbin 5 ga Disamba 2022, inda makamashin leza na megajul 2.05 (ma'aunin makamashi ne) ya haifar da megajul 3.15.