Gidan da Ba Shi da Tsakar Gida: Zaman Haya a Ingila ga Sababbin Zuwa

Barkanku da sauka, 'yan'uwa. Kafin ku shiga neman labule da kujeru, ku fara sanin abu guda: gidan Ingila ba shi da tsakar gida. A Kano ko Damagaram rabin hidimar gida a fili ake yin ta. Nan ake shanya, nan ake hura gawayi, nan ake suya, kaji na ta kiwonsu, hayaƙi ya tashi iska ta kwashe. A ƙasar nan kuwa an gina ɗaki ne don ya riƙe ɗumi, ƙofa da taga duk a liƙe, abin da ya tashi a ciki a ciki zai zauna. Yawancin rigimar da mutanenmu ke yi da masu gida da maƙwabta daga nan take samo asali.

Danshi ne ya fi ba ni tsoro. Ga tukunyar miya tana tafasa, ga wanki an baza a kan hita, an kuma toshe kowace kafa saboda sanyi. Tururin nan ba shi da wurin zuwa, sai ya kwanta a gilashin taga da kusurwar bango, bayan 'yan makonni baƙar fumfuna ta fito a bayan gado. Kada ku ɗauke ta ƙazanta kawai. A watan Disamba na 2020 wani yaro ɗan shekara 2, Awaab Ishak, wanda iyayensa 'yan asalin Sudan ne, ya rasu a garin Rochdale, binciken da aka kammala a 2022 kuma ya tabbatar fumfunar gidan da suke haya ce ta lalata masa numfashi. Saboda haka ku riƙa buɗe taga kowace safiya ko da na minti goma ne, a rufe tukunya da murfi, a kunna fankar da ke zuƙe tururi a kicin da banɗaki, a ɗan janye gado da akwatuna daga jikin bango. In kun yi wannan duka fumfunar ba ta daina dawowa ba, to ginin ne ke da matsala. Ku ɗauki hoto, ku sanar da mai gida a rubuce, in ya yi kunnen uwar shegu ku kai ƙara kansil, wato ƙaramar hukumar yankinku. Haƙuri a nan cutar da yara ne.

Sai turaren wuta, wanda na san babu matar da za ta yarda a raba ta da shi, ni ma ban ce a bari ba. Amma doka ta wajabta wa mai gida ya sa na'urar jin hayaƙi a kowane hawa, kuma kasko guda ya isa ya sa ta kururuwa. A ɗakunan kwanan ɗalibai ma ƙararrawar ginin gaba ɗaya ce za ta tashi, a fito da kowa waje cikin sanyi, shi ya sa galibinsu suka hana turare da kyandir ɗungurungum. Abin da wasu ke yi, su cire batirin na'urar ko su ɗaure ta da leda, wasa da rai ne. A nemi kaskon lantarki, a zuba turare kaɗan, a rufe ƙofar ɗakin a buɗe taga. Gawayi kuwa, ko don gashi ko don jin ɗumi, kada ya shigo ɗaki ko kusa. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum na barci take kashe shi.

Ranar da aka miƙa muku makulli, tun kafin ku kwance kaya, ku bi gidan lungu-lungu kuna ɗaukar hoto: tabon kafet, tsagar bango, cikin obin. A Ingila kuɗin ajiyar da mai gida ke karɓa ba ya wuce hayar mako 5 a yawancin gidaje, kuma dole ya saka shi a asusun da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Daga cikinsa ake yanke kuɗin ɓarna ranar tashi, har ramin ƙusa da fentin da kuka canza ba da izini ba. Wannan bai hana a ƙawata gida ba. Akwai maƙalai masu gam irin na Command da ake cirewa ba tabo, suna ɗaukar firam ɗin Ayatul Kursiyyu da hotunan iyali. Yadi biyu na atamfa sun isa rigunan filon kujera, faifai uku ko huɗu masu launi a jere a bango kuma suna canza falo fiye da duk wani adon kanti. Kayan katako ku duba shagunan sadaka irin na British Heart Foundation, ko Facebook Marketplace, inda wasu ke bayarwa kyauta in za ku ɗauka da kanku. Katifa ce kaɗai ba na son a saya ta hannu, saboda kuɗin cizo. Kayan ɗakin da kuka gaji da su kuma ba a ajiye su bakin titi, tara ake ci, kansil ake kira su zo su ɗauka.

A kicin, fulawa ce ke fara rikita uwargida. Wadda aka rubuta wa plain ita ce tamu ta cincin da fanke. Mai self-raising an riga an zuba mata sinadarin tashi, ta kek ce. Mai strong kuma ta burodi da gurasa. Obin mai fanka ya fi zafi, sai a rage digiri 20 daga abin da aka saba, in kuma na gas ne mai lambobi, lamba 4 ita ce 180, lamba 6 ita ce 200. Ƙullun masa da ke tashi cikin dare ɗaya a gida, a nan sai ya kwana ya wuni bai motsa ba, don sanyin kicin. Ki kwaɓa yis da ruwan ɗumi, ki rufe robar ki ajiye kusa da hita. Shagunan Indiyawa suna sayar da kasko mai gurabe da ke maye gurbin tanda, gajeriyar shinkafar da Turawa ke dafawa da madara kuma tana yin tuwo mai kyau. Man suya in ya huce a ɗura a kwalba, kada a tuttula a sinki. A 2017 an ciro dunƙulen daskararren mai da tarkace mai nauyin tan 130 daga magudanar unguwar Whitechapel a Landan.

Miƙa wa maƙwabci kwano halinmu ne, kuma yana buɗe ƙofa a nan ma. Sai dai ku faɗi abin da ke ciki. Akwai mutanen da gyaɗa ko riɗi ke iya kaiwa asibiti cikin mintoci, mu kuwa ƙuli-ƙuli har cikin yajin tsire yake. Makarantu da yawa sun hana a sa wa yara abin da ke da gyaɗa a kwanon abinci. Kilishi da dambun nama da man shanu kuma kada ku sa a taho muku da su, an hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, a filin jirgi za a ƙwace.

Da hannunki ya faɗa a cincin ko ɗinki ko lalle, za ki ji ana cewa ki fara sayarwa. Ki duba bizarki tukuna. Mai bizar karatu an hana shi sana'ar kansa kwata-kwata, komai ƙanƙantarta, kuma abin yana iya taɓa zamansa a ƙasar. Wadda bizarta ta ba ta dama, in abinci za ta sayar, sai ta yi rajista da kansil aƙalla kwana 28 kafin ta fara, ba a biyan ko kwabo.

Shuka tana yiwuwa, lokacinta ne daban. Sanyin da ke ƙone tsiro yakan kai tsakiyar Mayu, don haka ana yin iri a ɗaki, a bakin tagar da ke kallon kudu: attaruhu tun Fabrairu, tumatir a Maris, a fitar da su waje ƙarshen Mayu. Alayyafo shi ne ba ya ba da kunya, ku nemi irinsa da sunan da mutanen Jamaika ke kiransa, callaloo. Na'ana'a a bar ta cikin tukunya, in ta shiga ƙasa sai ta mamaye ko'ina. Kuɓewa da yakuwa suna son zafin da babu shi, sai a ɗakin gilashi, zogale kuma ba ya jure hunturu a waje. Dodon koɗi da ɗan'uwansa marar ƙoƙo suna iya cinye sabon tsiro a dare ɗaya. Mai son noma sosai ya sa sunansa a layin filayen da kansil ke bayarwa haya, alotmen, tun yanzu, don a manyan birane ana shekaru ana jira.

Kyanwa a nan ba ta gari ba ce da za ta ci abin da ta samu. Sai da izinin mai gida a rubuce, kuma tun 10 ga Yuni 2024 dole a sa mata ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata kafin ta kai mako 20, in ba haka ba tarar tana kaiwa fam 500. Likitan dabbobi ba kyauta ba ne, wanda ba zai iya biyan inshora ba gara ya haƙura. Karen maƙwabci kuwa ɗan gida ne a wurinsu. Ba sai kun taɓa shi ba, ku ja gefe ku ce cikin fara'a ba ku saba da karnuka ba, za su janye shi. Amma ku ja wa yara kunne kada su jefe shi ko su yi masa ihu. Masu tuƙin tasi kuma su sani dokar 2010 ta hana ƙin ɗaukar makaho saboda karen da ke masa jagora, ana rasa lasisi a kan haka. Kaji ko tattabaru, ko guda ɗaya ne a bayan gida, tun Oktoba 2024 sai an yi musu rajista. Ragon layya ba a yanka shi a gida, a mayankar da ke da lasisi ake yi. Ku je wurin mahaucin halal na unguwarku makonni kafin Babbar Sallah ku ba da suna, ku tambaye shi ranar karɓar nama, don sau da yawa sai kashegarin Sallah ko bayanta yake isowa.