Kurakuran da ke hana hanya zama a sadarwar raga mara waya

A sadarwar raga, inda rauta (na'urar rarraba intanet) ke miƙa wa rauta saƙo har ya kai intanet ba tare da waya ba, abin da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne hanyar da ta ƙi zama. Yanzu saƙo ya bi nan, an jima ya koma can, kira yana ta yankewa. Sau tari daga saiti matsalar take.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne barin rauta ta zaɓi hanya da ƙidayar zango, wato sau nawa saƙo zai tsallaka daga rauta zuwa rauta. Hanya mai zango biyu takan zama ta nesa, mai raunin sigina, rabin saƙon a hanya yake zubewa, alhali ga mai zango uku lafiya lau. Tun 2003 masu bincike a jami'ar MIT suka fito da ma'aunin ETX, mai lissafa sau nawa za a aika saƙo kafin ya isa. Ka koma kansa, ko kan ma'aunin lokacin da saƙo ke ci a iska na 802.11s, ƙa'idar Wi-Fi ta sadarwar raga.

Ma'aunin ma yana da tarko. Gajeren saƙon gaisuwa da rautoci ke watsa wa juna a kan mafi ƙarancin gudu yake fita, sau da yawa megabit 1 a 2.4 GHz, don haka yana kai nesa. Rauta ta ji gaisuwar maƙwabciya tar, ta ɗauka hanya ta samu, kaya na gaske ya zo da gudu ya kasa wucewa. Ka ɗaga gudun watsa gaisuwar, irin waɗannan hanyoyin ƙarya su faɗi da kansu.

Sai gaggawar sauya hanya. Idan hanyoyi biyu sun yi kunnen doki, iska ta kaɗa reshe ɗaya gaban eriya, lissafi ya juya. Reshen ya koma, ya sake juyawa. Maganinsa sharaɗi: kada a saki tsohuwar hanya sai sabuwa ta fi ta a fili, kuma ta daɗe tana finta. Babel, ɗaya daga cikin tsare-tsaren zaɓen hanya, na da irin wannan haƙurin. A OLSR, wani tsarin zaɓen hanyar, gaisuwa duk daƙiƙa 2 take fita. Masu rage wannan tazarar don a gano yankewa da wuri sukan cika iska da surutu, hanyoyin su ƙara rawa.

Ƙure ƙarfin rediyo ma ba ya gyara komai. Kowa zai ji ka, kai ba ka jin amsarsu, ga damun maƙwabta. Rage ƙarfin, matso da rautocin, ɗaga eriya sama da rufi da bishiya.

Kada kuma ka ɗora wa rediyo ɗaya hidimar wayoyin mutane da dakon saƙo tsakanin rautoci, don kowane zango yana cinye kusan rabin gudun. Ware 5 GHz wa dakon, ka bar wa wayoyi tasha 1, 6 ko 11 a 2.4 GHz, duk inda kebul zai iya kaiwa kuma ka ja shi.